Eksire, Sikanin Ko MRI: Wane Hoto Ya Dace Da Gwiwar Da Ta Gurɗe?

"An yi hoto, ba a ga komai ba." Wannan maganar ta kwantar wa iyalai da yawa hankali a Katsina, kuma ita ce ta sa matasa da yawa suka zauna da gwiwa mai rauni har ta lalace. Yaro ya je ƙwallo, ya dasa ƙafa ya juya, ya ji ƙas a cikin gwiwarsa, kafin magariba ta kumbura suntum. Ko ɗan acaɓa ya faɗi babur ya danne masa ƙafa, ko doki ya kayar da mahayi ranar hawan Sallah. A kai shi a yi eksire, ƙashi ya fito garau, a ce targaɗe ne, a ba shi ƙwayoyi da man shafawa. Gaskiya ne ƙashin bai karye ba. Amma eksire ba ya ganin jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ko ɗaya ta tsinke gida biyu ba zai nuna ta ba. Hotunan da ake yi wa gwiwa iri huɗu ne: eksire, sikanin, MRI da siti sikan. Tazarar kuɗin da ke tsakaninsu kuma ba kaɗan ba ce, don haka ya kamata mutum ya san abin da kowanne yake gani kafin ya sa hannu a aljihu.

Manyan jijiyoyin da ke riƙe da gwiwa huɗu ne. Biyu suna gefe, kusa da fata: ta gefen ciki, wadda ake rubutawa MCL a takardar asibiti, da ta gefen waje, LCL. Biyun da suka rage suna can tsakiyar gaɓar, sun gicciye juna, ƙashi ya rufe su kusan ta kowane ɓangare: ta gaba ita ce ACL, ta baya PCL. Akwai kuma guringuntsi biyu da ke zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri suna ɗaukar nauyi, likitoci na kiransu meniskus. Inda kowanne yake zaune shi ke nuna na'urar da za ta iya hango shi.

Jijiyar gicciye ta gaba ita ce ta fi yaudara. Idan ta tsinke, bayan 'yan makonni kumburi kan saɓe, ciwo ya lafa, mutum ya miƙe yana tafiyarsa. Kamar sirdi ne da majayinsa ya tsinke: doki na tsaye ko yana tafiya a miƙe ba ka ganin aibu, sai an karkata linzami sirdin ya zame da mahayi. Haka gwiwar take kuɓuce wa mai ita a lokacin juyi, ko saukowa daga mota, ko taka rami a gona. Kuma duk zamewar da ta yi tana iya yaga guringuntsin da da farko lafiyarsa ƙalau.

Kafin kowace na'ura, hannun likita ne. A nan nake ganin aka fi yin asara, domin mutane sun ɗauka ganin likita sharar fage ne kawai, hoto shi ne aikin gaske. Likitan ƙashi ko ƙwararren mai gashin ƙashi zai fara da tambaya: yaya ka faɗi, ka ji ƙara, ka iya ci gaba da wasan, yaushe ta kumbura? Kumburin da ya cika gwiwa cikin awa ɗaya ko biyu galibi jini ne, kuma a wajen matashin da ya gurɗe a fili, tsinkewar jijiyar gicciye ta gaba ce ta fi kawo shi. Wanda gaban ƙwaurinsa ya bugi gaban mota a haɗari, ko ya faɗi a kan gwiwa tana lanƙwashe, jijiyar baya ake fara zargi. Wanda aka doka ta waje gwiwar ta karkata ciki, jijiyar gefen ciki ce.

Sau da yawa uba ne ke shigowa riƙe da babbar ambulan.

"Likita, ga hoton nan, an ce mana lafiya lau, amma har yanzu yaron nan ɗingishi yake."

"To Baba, wannan na ƙashi ne. Bari in taɓa gwiwar tukuna."

Sai a kwantar da yaron rigingine. Likita ya fara da ƙafa mai lafiya don ya san yadda jikin yaron yake, sannan ya koma mai ciwon. Ya ɗan lanƙwasa ta kaɗan, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya kama saman ƙwauri da ɗayan ya jawo shi gaba. Idan jijiyar tana nan, ƙwaurin zai ɗan motsa ya tsaya cak. Idan ta tsinke, zai taho sako-sako babu inda ya tsaya, har uban da ke tsaye a gefe yana iya ganin bambancin ƙafafun biyu. Sunan wannan gwaji Lachman, bai kai minti biyu ba, kuma a hannun wanda ya saba yinsa yana gano yawancin tsinkewar. Matsalarsa ɗaya: a ranar farko ciwo da kumburi kan sa mutum ya ɗaure tsokarsa, gwajin ya ƙi fita. Shi ya sa idan aka ce ka je ka sa ƙanƙara, ka ɗaga ƙafa, ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu a sake dubawa, ba korar ka aka yi ba. Ka dawo.

Akwai halin da ba ya jiran mako, ba ya ma jiran wayewar gari. Idan gwiwa ta goce gaba ɗaya, ko da ta koma da kanta, babbar hanyar jinin da ke bi ta bayanta tana iya yagewa. Ƙafar da ta yi sanyi, ko ta canza launi, ko ta mutu ba a jin taɓi, ko mutum ya kasa ɗaga yatsun ƙafarsa sama, a wuce da shi sashen gaggawa nan take. Ƙafar da jini ya yanke mata fiye da awa shida zuwa takwas da wuya a cece ta daga yankewa. Haka gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai sikila, wannan zancen ƙwayar cuta ne a cikin gaɓa, ba na targaɗe ba.

Eksire shi ne mafi araha, ana samunsa a yawancin manyan asibitocin jiha, kuma cikin 'yan mintuna an gama. Amsar tambaya ɗaya yake bayarwa: ƙashi ya karye ko ya goce? Ba kowace gwiwa ce ke buƙatarsa ba. A shekarun 1990 likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar da ƙa'idar da asibitoci da yawa a duniya ke bi: a yi eksire idan mai raunin ya kai shekara 55, ko ƙoƙon gwiwar kaɗai ke ciwo in an danna, ko kan siririn ƙashin da ke gefen waje ƙasa da gwiwa yana ciwo, ko ya kasa lanƙwasa ta zuwa digiri 90, ko ya kasa taka ƙafar taku huɗu tun lokacin da abin ya faru har zuwa gaban likita. Wanda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi, da wuya a sami karaya. Amma wanda mota ko babur ya buge, ni dai ban ga dalilin jan ƙafa ba, a yi.

Wani lokaci eksire kan ba da labarin jijiya a fakaice. Akwai ɗan ɓallin ƙashi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da kan ɓalle a gefen waje na saman ƙwauri. Likitan Faransa Paul Segond ya bayyana shi a 1879, tun kafin Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, kuma har yau idan aka gan shi, a mafi yawan lokuta jijiyar gicciye ta gaba ta tsinke. A wajen yara kuma, da yake ƙashinsu bai gama ƙwari ba, jijiyar kan ɓamɓaro ƙashin da take manne da shi maimakon ta tsinke, kuma wannan yana fitowa a eksire. Ido mai gaggawa yana iya tsallake duka biyun, saboda haka a tabbata likitan ƙashi ya ga hoton da kansa, kuma an ɗauke shi ta fuska biyu, gaba da gefe. Mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka.

Sikanin kowa ya san shi ta wajen awon ciki, kuma na'urar ɗaya ce, sai dai kan da ake ɗorawa a fata ya bambanta. Ba shi da haske mai illa, kuɗinsa da sauƙi, kuma yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: ana iya motsa gwiwar ana kallo. Yana nuna jijiyoyin gefe biyu, da igiyar tsokar da ke sama da ƙasan ƙoƙon gwiwa, da ruwan da ya taru, da ƙullutun bayan gwiwa. Shi ne kuma ake amfani da shi idan sha-raɓa ta kumbura bayan an daɗe a kwance ana tsoron gudan jini. Sai dai sautin da yake aiki da shi ba ya ratsa ƙashi, jijiyoyin gicciye kuwa a bayan ƙashi suke. Sannan ingancinsa ya dogara kacokan a kan mai riƙe da na'urar. Wanda ya ƙware a duba juna biyu ba lalle ne ya saba da gaɓɓai ba. Idan abin da likita ke zargi ACL ne, kuɗin sikanin kusan asara ne, kuma takardar da za ta ce "ba a ga tsinkewa ba" tana iya sa a saki jiki a inda bai kamata ba. Idan kuwa ciwon a gefen ciki yake, gwiwar ba ta zamewa, kuma akwai mai yin sikanin gaɓɓai, to ya wadatar.

Hoton maganaɗisu, wato MRI, shi ne ke ganin cikin gwiwa duka: jijiyoyi huɗun, guringuntsi, santsin da ke lulluɓe da kan ƙashi, har da ƙujewar cikin ƙashin da eksire ba ya nunawa. Ba ya amfani da hasken eksire, maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikin da ya haifar da shi. Wajen gano jijiyar gicciye ta gaba da ta tsinke gaba ɗaya, yana dacewa fiye da sau tara cikin goma. Ya fi samun tangarɗa idan rabi ce ta yage, ko raunin ya tsufa tabo ya lulluɓe wurin. Kumburi ba ya hana shi gani, kuma don jijiya kawai galibi ba a buƙatar allurar nan da ake yi don hoto ya ƙara fitowa, saboda haka idan aka sa ta a lissafi ka tambayi dalili.

Wanda bai taɓa shiga ba yakan ji tsoro, gara ya san yadda abin yake. Tun daga ƙofa za a karɓi waya, makulli, agogo, katin banki, zobe, 'yan kunne, fil ɗin mayafi, da duk wani kambu ko laya mai ƙarfe. Za ka kwanta a wani siririn gado, a sa gwiwar cikin wani abu kamar akwati a tallafe ta da soso, a ba ka abin toshe kunne da ɗan balan-balan da za ka matsa idan ka ji ba daɗi. Gadon ya shiga da kai ta ƙafa, yawanci kai yana waje. Daga nan sai ƙara, bugu-bugu da tsiwa, ta tsaya ta sake tashi, na kimanin minti ashirin zuwa talatin. Babu zafi. Aikinka ɗaya, kada ka motsa ƙafar, domin motsi kaɗan yana dusashe hoton. Abin da ba a wasa da shi shi ne ƙarfen da ke cikin jiki. Mai na'urar bugun zuciya, da wanda aka dasa wa na'urar ji a kunne, da mai walda ko maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da wanda harsashi ya rage a jikinsa, dole su faɗa tun kafin su kusanci ɗakin. Ƙarfen da aka sa a aikin karaya yawanci ba ya hanawa, amma shi ma a faɗa.

Na'urorin kuma ba ɗaya ba ne. Ƙarfin maganaɗisun ana auna shi da tesla. Akwai ƙanana masu buɗaɗɗen gefe da ba su kai tesla 1 ba, akwai masu 1.5, akwai masu 3. Ƙaramar tana iya nuna jijiyar da ta tsinke sarai, amma wajen ƙananan yagewar guringuntsi mai 1.5 ta fi fito da abu tas. Wanda zai biya wannan kuɗin, wataƙila har da na mota daga Daura ko Katsina zuwa Kano, yana da haƙƙin ya tambayi ƙarfin na'urar da kuma wanda zai karanta hoton. A buga waya kafin a kama hanya, a tabbatar na'urar tana aiki kuma akwai gurbi a ranar. Mai inshorar lafiya ya nemi takardar turawa da lambar izini tun daga asibitinsa, kada ya je can a ce sai ya biya daga aljihu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa kowace gwiwa a kai ta MRI, kuma ba don tsada kaɗai ba. Na'urar tana ganin abin da ba shi ne ke damun mutum ba. A wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka buga a 2008, an ɗauki hoton gwiwar mutane kusan dubu masu shekara 50 zuwa 90, aka tarar kimanin shida cikin goma na waɗanda guringuntsinsu ya yage ba su da wani ciwo a gwiwar. Dattijon da zaman tahiya ya fara yi masa wuya, yana jin ƙas-ƙas in zai tashi daga sujada, idan aka sa shi a na'urar da wuya a rasa abin rubutawa, ya dawo gida da takarda mai ban tsoro alhali sanyin gaɓɓai ne na shekaru. Shi eksire da aka ɗauka yana tsaye a kan ƙafafunsa ya fi yi masa amfani, kuɗin da ya rage ya tafi wajen gashi da motsa tsokar cinya.

Tambayar da ta raba gardama ita ce: sakamakon zai canza abin da za a yi? Ɗan shekara ashirin da ke buga ƙwallo yana burin wata rana ya taka filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, gwajin hannu ya nuna jijiyar gicciye ta tafi, shi MRI ya zama dole. Likitan tiyata yana son ya san ko guringuntsi ya yage, ko wata jijiyar ta bi, kafin ya tsara aiki, domin jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Sabuwa ake yi da igiyar tsokar da aka ciro daga jikin mutumin, kuma komawa fili yakan ɗauki wata tara ko fiye. Haka wanda gwiwarsa ta maƙale ta ƙi miƙewa, domin alama ce guringuntsi ya yage ya naɗe cikin gaɓar, kuma ɗinke shi ya fi yiwuwa idan an yi da wuri. Haka wanda ake zargin jijiya biyu ko uku sun tafi tare, ko wanda ya yi makonni ana gashi gwiwar na ci gaba da zamewa. Amma magidancin da jijiyar gefen ciki kaɗai ta yage, gwiwarsa ba ta zamewa, wannan jijiyar tana warkewa da maɗaurin gwiwa da gashi cikin makonni, da hoto da babu hoto. Akwai ma masu tsinkakkiyar jijiyar gicciye da aikinsu na zama ne, waɗanda gashi mai kyau kan ishe su ba tare da tiyata ba.

Siti sikan ɗan'uwan eksire ne mai zurfin gani, yana yanka ƙashi fage-fage a hoto. Wurinsa shi ne karayar da ta shiga cikin gaɓa, kamar fashewar saman ƙwauri da ake yawan gani a haɗarin babur, da kuma duba hanyar jini idan gwiwa ta goce. Haskensa ya fi na eksire yawa, kuma ba shi ne hoton jijiya ba. Kada a karɓe shi a madadin MRI don kawai shi ne ke kusa. Leƙa cikin gwiwa da kyamara kuwa tiyata ce, a yau an fi yin ta don gyara abin da aka riga aka gano.

Ba zan tsallake masu ɗori ba, domin nan ne ƙafar mutanenmu ke fara zuwa. Da yawa daga cikin gwiwoyin da aka ɗaure suka warke, jijiyar gefe ce wadda dama hutu take so. Amma ja da murɗa gwiwar da ƙashinta ya tsage cikin gaɓa yana ƙara ɓarna, ɗauri mai tsanani yana iya tare jini, kuma gwiwar da ta yi wata biyu a sanƙare ba ta motsi takan ƙage ta ƙi lanƙwasuwa, cinya ta tsotse. Ko da iyali sun ƙudura sai an je, a fara da asibiti a tabbatar babu karaya kuma jini na gudana.

Shawarata ga mai kuɗin abu ɗaya kacal ita ce ya fara kashe shi wajen ganin likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko Asibitin Janar Amadi Rimi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya bar shi ya rubuta hoton da yake so. Takardar neman hoton da aka rubuta abin da ake zargi a kanta tana sa mai karantawa ya san inda zai zuba ido. Idan an yi MRI, kada a baro wurin da takardar sakamako kaɗai, a karɓi faifan da hotunan ke ciki, domin likitan da zai yi aiki yakan so ya duba da idonsa ya gwada da abin da hannunsa ya ji. Kuma kada a yi hoton yau alhali ba a shirya aiki ba sai baɗi ko bayan an sayar da amfanin gona. Idan watanni suka shuɗe gwiwar ta sake zamewa sau biyu ko uku, abin da ke ciki ya riga ya canza, kuma likita yana iya cewa a sake wani.